Zumar da Ba Ta Ƙone Ba

Shafi na 19

Masu cika min waya da "ina Baba Mailafiya ya shige," ku sarara haka nan, yau na kai ku har inda yake. Masu kare Bandar kuma, kuna cewa ni ce na ɗora masa karan tsana, ku gyara zama.

*

Gidan Lailatu can ƙarshen unguwar Ka'akiyya ta Makka yake, inda kwalta ta gaji ta tsaya. Ɗaki biyu ne a saman bene, matakalar duk ƙamshin man waina, don sana'arta ke nan. Raghad ba ta taɓa zuwa ba. Inna Ɗaso ce, matar Baba Mailafiya, ta kira ta da sassafe ta kwatanta mata, ta ce nan gidan 'yar ƙanwarta suka fake.

"Ki zo ke kaɗai. Kada kowa shi sani. Har yayanki."

Wannan "har yayanki" ita ta hana Raghad karyawa.

Tun ranar da wutar daji ta lashe dutsen da ke bayan Ɗa'ifa, inda amyoyin zumarsu suke, ba wanda ya sake sa Baba Mailafiya a ido. Mutumin da ya yi wa marigayi Abbansu kiwon zuma tun ba a haife ta ba. Yayanta Bandar ya ce zuma ta ƙone ƙurmus, ko ƙuda ɗaya bai tsira ba, tsohon kuma tsoron bincike ya kore shi tunda ba shi da iƙama, takardar izinin zama a ƙasar. Ta yarda, ta sha kukanta. Yau da la'asar ma kwamitin tallafin waɗanda gobarar ta shafa zai zo shagonsu na Rusaifa, ita kuma za ta yi musu bayani, don da sunanta shagon yake. Bandar ma'aikaci ne, doka ba ta bar shi ya buɗe kasuwanci da sunansa ba.

Inna Ɗaso ta buɗe ƙofa, ta leƙa bayan Raghad har ƙasan bene kafin ta ja ta ciki.

"Ba wanda ya biyo ki?"

"Babu, Inna. Ina Baba?"

Yana zaune a kan tabarma ya ba ƙofa baya, ya yafa tawul a ka.

"Ɗiyata, ke ce?"

"Ni ce, Baba. Ka juyo mana."

Ya juyo a hankali, ya sauke tawul ɗin.

Jakarta ta faɗi ƙasa.

Ido ɗaya ya rufe ruf don kumburi. Leɓen sama ya yi suntum. Kunne, wuya, bayan hannu, ko'ina ya tashi.

"Ya Rabbi! Esh hada? Wa ya dake ka? Askarawa ne?"

"Ba mutum ba ne."

Ta durƙusa gabansa. Raghad dai Hausarta sai a hankali, rabi Larabci rabi kame-kame, amma a gidan zuma ta buɗe ido, ba a yi mata ƙarya a wannan fannin. A ƙasan kunnensa ta hango ɗan baƙin ƙari da Inna ba ta gani ba. Ta sa farce ta kankare shi, ta ɗora a tafin hannu tana kallo.

"Baba, wannan ai harbin zuma ne."

"Shi ne."

"Na yaushe?"

"Na jiya."

Ta ji tsoron tambayar da ke bakinta, amma ta yi ta.

"Zumar wa?"

Tsohon ya sunkuyar da kai yana murza gefen tabarma.

"Hwaɗa mata mana!" Inna Ɗaso ta buga cinya. "Ko sai sun kai ka tarhil, inda ake tara waɗanda za a kora, za ka buɗe baki a jirgi? Ni na kira ta. In ba ka hwaɗi, ni in hwaɗi."

"Ɗaso, ɗan Alhaji ne fa."

"Wagga kuma ɗiyar wa ce? Ɗiyar maƙwabta?"

Baba ya ja dogon numfashi.

"Zumarku ce, ɗiyata. Zumar Alhaji. Tana nan da ranta."

Raghad ta zauna daɓas a ƙasa.

"Kef? Ta yaya? Yaya Bandar ya nuna min hoto. Akwatuna sun zama gawayi."

"Akwatuna sun ƙone, gaskiya ne. Amma ba kowa a ciki."

Daga tsakar gida ana jin Lailatu tana faɗa da mai gas a waya.

"Kwana kaɗan kafin wutar," in ji Baba, "Bandar ya zo da babbar mota. Ya ce mu kwashe zuma mu sauka da ita Tihama, wani kwari da ke da magarya. Na ce mai, ɗan Alhaji, magarya ba ta ko fara toho ba, wa ke sauke zuma ƙasa cikin wanga zafi? Ya ce dutse ya bushe, in yi abin da ya ce. Muka kwashe. Ya ce tsofaffin akwatunan nan da muka jibge bayan bukka, in jera su a gurbin waɗanda muka ɗauke, kada maƙwabta su ga fili su mamaye muna wuri."

"Ka jera."

"Na jera."

"Sai kuma me?"

Ya ɗago ido ɗayan da ke buɗe ya dube ta, ya mayar ƙasa.

"Kin san halina da amya wadda ba kowa."

Ta sani kuwa. Duk gidan an sani, har tsokanarsa ake yi da shi. Baba Mailafiya bai iya wuce amya fanko ya ƙyale ta ba. Sai ya turara ta yadda ake yi a garinsu, ya zuba garwashi a kasko, ya ɗora busasshen kashin raƙumi da ɗan kaki da ganyen ɗoɗɗoya, hayaƙin ya shige ta, wai ko wata zumar da ke yawo ta ji ƙamshi ta tare. Abbansu ya yi faɗan har ya gaji. Ya sayo masa abin hayaƙi na zamani mai murfi, Baba ya rataye shi a bukka yana ajiye allura da zare a ciki.

"Ranar wutar mun koma ɗaukar tankin ruwa," ya ci gaba. "Ina kallon akwatunan nan jere, baki buɗe, raina bai so ba. Ban ce komi ba dai. Shi ne ya ce, Baba, yau ba ka turare?"

"Shi ya ce?"

"Shi ya ce. Yana dariya ma."

"Da ana iska?"

"Ana yi."

"Baba!"

"Na sani, ɗiyata. Na sani. Hannuna ne ya hura garwashin nan, ba na kowa ba. Na gama, na ɗauko kasko za ni in juye in rufe da ƙasa, ya ce rana ta yi, in tafi mota in ɗaure tanki, shi ya kashe."

"Ya kashe?"

"Ban gani ba."

"Ina tambayarka, ya kashe?"

"Abin da ban gani ba, ba ni rantsuwa a kai. Na dai ga ya zo mota hannu wofi. Muna gangarowa na waiga na ga hayaƙi. Na ce mu koma. Ya ce na makiyaya ne."

Inna Ɗaso ta yi wata dariya mai ɗaci.

"Makiyaya! Ki ji fa. Yaron da na goya a bayan nan. Suna isowa Makka, a bakin gidanmu na Jarwal, ya ce da shi, Baba, in an tambaya, ni da kai ba mu san juna ba. Washegari ya dawo wai shi kai shi wani ofis shi yi ɗan bayani. Ɗan bayani! Mutumin da ko katin asibiti ba shi da shi. Ta taga na gan shi, na ce ba ya nan. Kafin azahar mun ɗaure kayanmu."

Raghad ta rasa inda za ta sa kanta. Yaya Bandar ne fa. Shi ya riƙe gidan tun rasuwar Abba, shi ke kai Ummi asibiti, shi ya koya mata mota. Zuciyarta na nema masa mafita ta kowace kusurwa, kowacce ta leƙa sai ta tarar a toshe.

"To harbin fa? Kai da zuma ba ta taɓa yi maka haka ba?"

"Bandar ya bar su hannun wani mai awaki, wanda bai san zuma na shan ruwa ba. Shi kuma ba ya zuwa, kada a gan shi. Zafin Tihama kin san shi. Na kwana biyu ina juyi, na ce bayin Allah nan ƙishirwa za ta kashe su. Akwai mai motar kankana ɗan garinmu, shi ke rage min hanya in kai musu ruwa in duba su."

"Da shingayen hanya? Ba iƙama?"

"Allah ke rufa asiri."

"Ba ka sa hayaƙi ba?"

Ya girgiza kai.

"Ni da wuta kusa da amya, har abada. Tsohuwar nan mai ruwan wardi da ke ƙasanmu, gonarta ta tafi. Mai awakin da ke ba mu nono, dabbobinsa a garke suka ƙone. Da wane hannu zan kuma kunna ashana? Haka nake buɗe su. Su harba, suna da gaskiya."

Nan hawayen da take riƙewa suka zubo. Tausayinsa ya kama ta, haushinsa ma ya kama ta, don har yanzu ko kalma ɗaya marar daɗi bai faɗa a kan Bandar ba.

"Baba, in suka kama ka, za ka faɗi gaskiya?"

"In ce na kunna, na kunna."

"Sauran fa? Sauke zumar? Kaskon?"

"Alhaji ya tsince ni a bakin Harami ba ni da ko takalmi. Ba ni kai ɗansa kurkuku."

"Kin ji ko?" Inna Ɗaso ta nuna shi da baki. "Yaron nan ya san haka. Da shi ya dogara."

Ta raka Raghad har bakin matakala, ta riƙe mata hannu gam.

"Ban kira ki don ki yi yaƙi ba. Ki dai san abin da za ki hwaɗa wa mutanen nan da la'asar. Tsohon nan in aka ɗaure shi, gawarsa za a ba ni."

*

Bayan azahar ta isa Rusaifa.

Tun daga waje ta ga shagon ya sauya. Kantocin da jiya suke cike da kwalabe sun koma wayam, sai 'yan guda a warwatse. A bakin ƙofa an ajiye wani ƙonannen akwati, ya cika wurin da ƙauri. Bandar na tsaye cikin farar jallabiya ko ɗigon toka babu, yana tura kwali cikin sito da ƙafa.

"Ina kika shiga tun safe? Ina ta kira."

"Ina zumar da ke kan kanta?"

"Na kai ciki. Lajna, kwamitin nan, za ta zo ganin wanda gobara ta karya, ki tare su da shago cike?" Ya ɗan karkata akwatin don ɓangaren da ya fi ƙonewa ya kalli ƙofa. "Isma'i, ki saurara. Magana kaɗan za ki yi. Amyoyinmu duka suna kan dutse, duka sun ƙone. Za su ba mu sababbin akwatuna da zuma, su tsaya mana har mu miƙe. Halas."

Ta ajiye jaka a kan teburi. Ta ce wa kanta ta bi a sannu.

"Yaya, da wane wata Abba ke sauke zuma Tihama?"

Hannunsa ya ɗan tsaya a kan akwatin.

"In magarya ta yi fure. Me ya kawo wannan?"

"Ba komai. Na ga bana ba ka yi zancen ba."

"Wace zumar zan sauke? Toka?"

"Haka ne. Tankin ruwan fa, shi ma ya ƙone?"

"Shi ma."

"Ikon Allah. Na ga kamar shi a bayan gida, an rufe da tamfol."

Ƙarya ta yi, ba ta ga komai ba.

"Wani ne. Aro na yi." Ya juyo sosai yana kallon ta. "Raghad, yau tambaya kike ji?"

"Ni za a tambaya an jima. Gara in sani."

Ya yi murmushi, irin wanda yake yi wa masu saye in sun taya da arha.

"Tayyib. Tunda kin kawo zancen, akwai abu ɗaya. Masu bincike sun tsinci kasko a wurinmu. Sun ce daga nan wutar ta tashi."

"Kasko."

"Kasko. In aka ce mu muka kunna, ba tallafi, kuma duk wanda ya yi asara a dutsen nan a wuyanmu zai rataya. Don haka na gaya musu gaskiyar abin da ke faruwa. Akwai wani takari da ke yawo a dutsen, yana satar zuma da wuta irin ta ƙauye. Mun sha korarsa."

Ta tsura masa ido.

"Wane takari?"

"Kin sani."

"Ban sani ba. Faɗi sunansa."

"Raghad."

"Faɗi sunansa, Yaya! Mutumin da ya ɗauki makarar Abba ne ɓarawon zuma?"

Ya leƙa titi, ya ja ƙofar gilashi ya rufe.

"Rage murya. Kina so in ce ma'aikacinmu ne? Marar iƙama? Shekara da shekaru? Kin san hukuncin wannan kaɗai? Sunan wa ke kan shagon nan, nawa ko naki? In ta fashe, ke za a fara kira, ba ni ba. Ke nake karewa, ya bint, ke da Ummi."

"Da bayan Baba."

"Shi ya kunna wutar! Ƙarya na yi? Sau nawa Abba ya hana shi turaren nan?"

"Wa ya ce masa ya yi a ranar?"

Ya kawar da kai.

"Wa ya ce masa, tafi mota, ni zan kashe?"

Fuskarsa ba ta nuna komai ba, kuma wannan ya fi ba ta tsoro. Da ya yi ihu, da ya rantse, da ta samu abin kamawa. Sai kawai ya jawo kujera ya zauna, ya harɗe ƙafa.

"Wa ya gaya miki wannan?"

"Ba ruwanka. Zumar tana Tihama da ranta. Ka kwashe ta kafin wuta, ka jera fanko. Ka kashe kaskon ko ba ka kashe ba?"

"Na zuba masa ƙasa."

"Ka rantse."

"Na ce na zuba masa ƙasa. Iska ce." Ya shafa gemu. "Zumar kuma na sauke ta don dutse ya bushe, ba ciyawa ba fure. Allah ya tsare mana ita. Laifi ne? Akwatunanmu sun ƙone, wurinmu ya ƙone, shekara nawa kafin dutsen nan ya sake fure? Mu ma gobara ta shafe mu. Abin da ake rabawa haƙƙinmu ne."

"Haƙƙin mai ruwan wardi ne. Haƙƙin mai awaki ne."

"Su ma za a ba su."

"Baba fa? Shi me za a ba shi?"

"Tikitin gida. Tsoho ne, ba za su riƙe shi da yawa ba. Ya je ya huta cikin danginsa."

"Wane dangi? Duk wanda ya sani a duniya yana garin nan!"

Wallahi a wannan lokacin Raghad ta kasa gane ko yayanta mugu ne ko matsoraci. Tana kallon sa tana neman yaron da ke ɓoye mata saƙar zuma a aljihu, ba ta gan shi ba.

"Ba zan faɗa ba," ta ce. "In sun zo zan ce zumarmu tana nan, ba ma buƙatar komai. A ba waɗanda suka rasa."

"Sai su ce, to wa ya jera fanko? Wa ya kawo kasko? Ki amsa musu."

Ta sauke idonta kan ƙonannen akwatin.

"Kin gani." Ya miƙe ya zo kusa da ita, muryarsa ta yi laushi. "Ke yarinya ce mai tausayi, shi ya sa ake wasa da hankalinki. Ɗaso ce ko? Ta kira ki a waya ta yi miki kuka. Matar nan tun Abba na da rai ba ta ƙaunata. Mijinta ya tsere, ƙila ma ya tsallaka Jidda, ita kuma tana zaune tana ƙulla labari don a ba ta wani abu."

"Ba labari ba ne."

"Kin ji daga bakinsa?"

"Na ji."

"A waya? Kowa na iya yin muryar tsoho a waya."

"Ba a waya ba."

Ya yi dariya, ya juya mata baya yana gyara kwalaben da suka rage.

"Haba Raghad. Mutumin da ya san ya ƙone dutse guda zai zauna a Makka yana jiran ki? Ba ki gan shi ba. Ki daina ƙarya, ba ta yi miki kyau."

Jama'a, kun san Raghad. A ce mata komai, ban da maƙaryaciya. Tun tana ƙarama in aka ce ta yi ƙarya sai ta fasa gida da kuka. Kuma wa ya fi sanin haka in ba wanda suka tashi ɗaki ɗaya ba?

"Ni ce maƙaryaciya? Wallahil azim da idona na gan shi! Fuskarsa duk harbi, don ya je ba zumarka ruwa, zumar da ka watsar! Yanzu na baro shi a Ka'akiyya, a gidan Lailatu, yana zaune yana cewa ba zai kai ɗan Alhaji kur..."

Ta tsaya.

Hannun Bandar ya bar kwalbar a hankali.

Bai juyo da sauri ba. Sai da ya daidaita ta a kan kanta, ya goge yatsunsa da hankici.

"Lailatu," ya ce. "Mai waina."

"Yaya..."

"Saman bene. Na taɓa sauke Ɗaso a layin da azumi." Ya gyaɗa kai. "Ka'akiyya. Ni ina can ina zaga Jarwal kamar mahaukaci."

Ita da bakinta. Inna Ɗaso ta leƙa har ƙasan bene don kada a biyo ta, ashe a bakinta ta ɗauko gidan ta kawo.

"Yaya, don Allah. Don darajar Abba. Zan faɗi duk abin da kake so. Zan ce ta ƙone, zan ce duka ta ƙone. Ka bar shi kawai."

"Ba su son magana, mutum suke so." Ya ɗauki makullin mota a kan teburi.

Ta sha gabansa, ta cafke hannun jallabiyarsa da hannu biyu.

"Ba za ka fita ba."

"Sake ni."

"Sai dai ka taka ni."

"Raghad, ana kallon mu."

Ta waiga. Wata farar mota ta tsaya a bakin shagon. Mace ɗaya da maza biyu suna fitowa, kowa da kati rataye a wuya. Tun la'asar ba ta yi ba.

Bandar ya zare hannunsa a hankali, ya gyara zaman rigarsa, ya buɗe ƙofa da fara'a har kunne.

"Ahlan wa sahlan! Ku shigo, ku shigo. Ga ƙanwata, ita ce mai shagon. Ku yi haƙuri da ita, tun ranar gobarar ba ta daina kuka ba." Ya ɗan rage murya, amma yadda za ta ji. "Ni zan ɗan fita. Maganar da muka yi jiya, ina jin an dace."

Ya fice.

Raghad ta zaro waya. Ta kira lambar Inna Ɗaso, a kashe. Wa kuma za ta kira? Baba ya kashe tasa tun ranar wutar. Lailatu kuwa ko lambarta ba ta karɓa ba.

Matar ta tsallake ƙonannen akwatin, ta dube shi ta girgiza kai cikin tausayi, ta kamo hannun Raghad.

"Allah ya mayar muku da alheri, habibti. Zauna, ba za mu daɗe ba." Ta jawo mata kujera. "Yayanki ya ce ke ma kin sha ganin mutumin nan da ke muku sata a dutse. In aka kawo shi gabanki yau, za ki gane shi?"

Ta cikin gilashi Raghad na kallon motar Bandar ta yi kwana, ta hau titin Ka'akiyya.